Wuyan Rigar da Na Bi Har Sabon Tasha

Laraba: Funtuwa zuwa Kawo

Ana sallame sallar asuba maigidana, Malam Sule, ya tada babur ya kai ni tashar mota. Damina ce, a tsakiyar shekarun tamanin, zamanin da sojoji ke koya wa mutane bin layi da bulala. A jakata akwai zane biyu, da almakashi, da tef ɗin awo, da allura da zare, sai kuma fushin da zai ishi mutum uku. Malam bai hana ni tafiya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Uwani, ni dai ban taɓa jin wanda ya bar garinsu saboda wuyan riga ba." Na ce to yau ya ji.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni. Ni tela ce, kuma a lokacin babu telar mata a Funtuwa da za ta ci abinci sai da yardar Hajiya Turai. Ita ce uwar anko. Duk bikin da ya taso, ita za ta zaɓi atamfar da mata za su yi iri ɗaya, ita kuma za ta nuna telar da za a kai wa. Wata Litinin ta shigo shagona da mata biyar a bayanta, ta ajiye mini hoton wata 'yar ƙanwarta da ke aure a Kaduna. Ta ce, "Duba nan ki ga yadda waɗanda suka san duniya ke ɗinki. Wuyan-Kaduna ake ce masa. Shi nake so a bikin autata. Za ki iya, ko mu nemi wata?"

Na kalli hoton. Wuyan rigar ya tashi ta hagu har gindin kunne, da ninki uku, sannan ya gangaro ta dama ya kwanta a kafaɗa. Nan take na gane shi. Na ce, "Hajiya, ai wannan ni na fara shi." Dariyar da aka yi mini ran nan har mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da ni sai da ya leƙo. Na tuna wa Hajiya cewa shekarun baya na rataye irinsa a shagon nan, ita da bakinta ta ce ya yi kama da wuyan mai sanƙarau. Ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce in kawo shaida a gaban matan nan, in na kawo za ta ba ni haƙuri ta ba ni ankon. Kafin magariba gari ya raɗa mini sabon suna, Uwani Ni-na-fara.

Shaida kuwa ina da ita, sai dai tana Kaduna. Akwai wata Rifkatu, mutuniyar Filato, matar wani ma'aikacin kamfanin gurzar auduga. Risho ya taɓa fashe mata, ya bar mata tabon ƙuna daga haɓa zuwa kafaɗar hagu. Ko ana zafin bazara wuyanta na naɗe da gyale, mutanen garinmu masu tausayi kuma suka sa mata suna Mai-risho. Da aka mai da mijinta masaƙa a Kakuri, ta zo shagona lokacin da ba kowa, ta ce tana son riga ɗaya da za ta shiga Kaduna da ita ba gyale. Na yi ta juya abin a raina har wuyan nan ya fito. Don kada ya goge mata tabon, na yi masa shafi daga ciki da wani tsohon zanena da wanki ya tausasa, kore mai zanen kifi. Zanen nan kuwa ankon bikin babbar 'yar Hajiya Turai ne, ita ta zaɓe shi da hannunta. In na juya cikin wuyan a gabanta, sai in ga ta inda za ta musa.

Mun tashi a tasi, mu huɗu a kujerar da aka yi don mutum uku, kajin wani bawan Allah kuma suna kan ƙafafuna. Direba ya ce in mun isa lafiya, ikon Allah ne, in mun isa da wuri, ikonsa ne. Bayan mun wuce Zariya muka tarar da shingen sojoji. Wani kofur ya zazzage jakata, ya ɗaga almakashi sama kamar ya kama bindiga.

"Madam, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, tela ce ni."

"Tela? To sauko."

Ashe maɓallin rigarsa ne ya tsinke. Na tsaya a bakin titi na ɗinke masa, fasinjoji suna hararata kamar ni na kafa shingen. Shi ne aiki na farko da na taɓa yi wa gwamnati, kuma an biya ni da "ku wuce".

Hantsi ya yi sosai muka sauka a tashar Kawo. A layin shiga bas na fara yin arba da abina. Wata mata ce a gabana, ta sa wuyan, amma telanta ya tada shi ta dama, ya dafka masa sitati har ya ƙame. In za ta waiwaya sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. A raina na ce to, ga mai sanƙarau ɗin da Hajiya ke faɗa.

Unguwar Mu'azu

Na sauka gidan Goggo Laraba, ƙanwar mahaifina, a wani lungu da in mai kura ya shigo sai kowa ya manne da bango. Ta tarbe ni da tuwon shinkafa miyar taushe, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. Da na ba ta labarin abin da ya kawo ni, ta tashi ta buɗe akwati, ta fito da nata wuyan.

"Wannan kike nufi? Haba 'yar nan, ai daga Legas ya zo."

"Goggo, wa ya ce?"

"Telan da ya ɗinka mini. Alhaji Bala, a Nasarawa. Shi ma ba a nan ya koyo ɗinki ba, a Landan ya koyo."

Na karɓi rigar na juya ta. Mu teloli haka muke gaisawa da tufa, ba ta fuska ba, ta ciki. Na tarar da wani abu mai tauri a cikin wuyan. Goggo ta ce yana ɗan cizon ta a gindin kunne, amma ai gayu sai da haƙuri. Na kwana ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗaki, ina mamakin yadda ko 'yar'uwar ubana ta fi yarda da Legas a kaina.

Alhamis: Nasarawa da Trikaniya

Da safe na shiga kiya-kiya, wato ƙananan bas ɗin nan da kwandasta ke tafiya rabin jikinsa a waje. Muka haye gada, kogi ya cika ya yi jawur, muka shiga kudancin gari. Tun daga nesa ake hango bututun masana'antu suna hayaƙi.

Shagon Alhaji Bala ba ya ɓata, don allon da ke ƙofarsa ya fi shagon girma, an rubuta cewa mai shi ƙwararre ne daga Landan. Na same shi da tef rataye a wuya da tabarau a goshi. Na gaishe shi, na ce ni ma 'yar sana'a ce daga ƙauye, na zo neman ilimi. Nan take ya gyara zama.

"Hajiya, sitayil ba abin wasa ba ne. Shi wannan wuyan, a Landan na gan shi, a jikin matan Turawa, lokacin sanyi."

"Ikon Allah. A wace unguwa, Alhaji?"

"A nan bayan kasuwa."

Na ce lallai Landan ta yi kama da Funtuwa. Na roƙi arziki ya nuna mini wanda bai gama ba, sai ga kwalin sukari an yanke shi an cusa a ciki, har da sauran rubutun kamfanin a jiki. Ya ce haka Turawa ke yi don wuya ya tsaya. Muna cikin haka wata mata ta shigo karɓar ɗinki, ta ce masa, "Alhaji, har yanzu fa naka bai kai na Madam Komfot ta Trikaniya ba, wadda ka kwaikwaya." Alhaji ya duƙufa neman wani abu a ƙarƙashin keke. Na yi masa sallama, bai ɗago ba.

Trikaniya ba nisa, amma ruwan daren jiya ya mai da hanyar kunu, sai da na tuɓe takalmi. Madam Komfot mutuniyar Binuwai ce, doguwa, mai fara'a, shagonta a barandar gidanta. Ta zaunar da ni ta sa aka kawo mini dafaffiyar masara da gyaɗa. Ɗinkinta yana da tsabta, wannan ba zan hana mata ba, kuma ta hagu ta tada wuyan. Sai dai ta ƙara ninki ya zama bakwai, ta bi bakinsa da leshi, abin ya koma kamar zakara ya fusata.

"Sista, wannan wuya Ubangiji ne ya nuna mini a mafarki. Na tashi kawai na ɗau almakashi."

"Madam, a mafarkin mutum ne ya sa shi, ko a rataye yake?"

Ta dube ni, na dube ta. Sai ta fashe da dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Kai, ke tela ce ta gaske. To ba mafarki ba ne, layin madara ne." Waɗanda suka yi zamanin sun san yadda ake tsayuwa tun safe don gwangwanin madara da sabulu. Ta ce a irin layin nan ne a Kakuri ta tsaya bayan wata mata har rana ta take, ba abin kallo sai ƙeyarta. Kafin su kai gaba madara ta ƙare, amma ita ta haddace wuyan. Matar dai ba ta san sunanta ba, ta ji dai ana cewa mijinta a masaƙa yake.

Ni ban ga laifin satar ido ba, don duk telan da ya ce bai taɓa bin wata riga da kallo a gidan biki ba, a bincike shi. Abin da ya ba ni haushi shi ne, cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa wuya zai tashi ta gefe ɗaya. Ni a sanina ɗinki daga jikin wanda ke tsaye a gabanka yake fitowa, inda yake so a gani da inda yake so a rufa masa asiri. Su kuwa sun ɗauki amsar sun bar tambayar, suna ta cusa mata kwali.

Kakuri

Na isa Kakuri ana dab da tashi daga aikin rana. Jiniya ta yi kuka, aka buɗe ƙofofin masaƙa, mutane suka ɓarko kamar an fasa kasuwa, wasu a keke, wasu a ƙasa, auduga fari-fat a gashinsu. Na tsaya gefen wata mai ƙosai ina kallon matan da ke wucewa. Wuyana ta ko'ina: na atamfa, na leshi, na yadin makaranta, wani ya kai kunne, wani ya wuce kunne yana neman ɗankwali. Ban san lokacin da na ji daɗi ya kama ni ba, haushi kuma yana biye da shi, don ko mutum ɗaya bai san ni ba a wurin.

Na yi ta tambayar Rifkatu daga Funtuwa, ana ta aika ni gaba. A ƙarshe wani Inyamuri mai sayar da yadi, Oga Emeka, ya ce, "Hajiya, Rifkatu mai miji a masaƙa? Ai sun yi fakin, sun kwashe kayansu sun koma Sabon Tasha. Ki tambayi Madam Fashin, uwar 'yan gayu, kowa ya san ta." Na ce ba ita nake nema ba, wadda nake nema mai kunya ce, ba ta ko ɗaga kai. Ya ce shi dai Rifkatu ɗaya ya sani, kuma kafin in tafi ko zan duba wani yadi da ya iso jiya daga Italiya. Na duba gefensa, ga tambarin masaƙar da ke bayan shagonsa.

Juma'a: Sabon Tasha

Goggo ta ce in haƙura haka, na ce saura ƙiris. Mota biyu na hau kafin in isa Sabon Tasha, a lokacin gari ne da gonaki ke leƙowa ta bayan gidaje. Ina cewa Madam Fashin aka nuna mini gidan. Wata mata ta fito tana goge hannu da zane, kai a ɗage, wuyan riga har gindin kunne. Sai da ta ce, "Yaya Uwani!" na gane ta. Ta rungume ni tana ta faɗin sannu, ta shigar da ni ɗaki, ta dafa mini gwaten acca, ta ce in ci kada in ji komai, ba abin da ya taɓa tukunyar sai ganye da manja.

Na zayyana mata komai, tun daga hoton har sunan da aka sa mini. Ta yi dariyar Landan da mafarki har da hawaye. Ta ce makonta na biyu a Kaduna wata ta tare ta a coci ta tambayi wa ya yi mata ɗinki, daga nan abu ya bazu. Sauran rigunanta ita ke ɗinka wa kanta a gida, tana kallon tawa, don kada wani tela ya auna mata wuya. Sannan ta jawo akwati ta fito da rigar. Na juya wuyan, ga kifayen Hajiya Turai suna kallona. Na shafa su da yatsana. Har na fara shirya yadda zan shimfiɗa ta a kan teburin shago, da irin kallon da zan yi wa matan nan biyar.

Rifkatu ta ninke rigar ta sa mini a jaka da hannunta. Ta ce, "Yaya, ki tafi da ita, haƙƙinki ne. Abu ɗaya dai zan gaya miki. A nan, ban da maigida babu wanda ya san ina da tabo. Matan Funtuwa kuwa sun san Mai-risho. Suna jin rigar tawa ce za su gane dalilin wuyan, kuma kin san mutanen auduga, abin da aka faɗa a Funtuwa da safe kafin jiniyar yamma ya iso Kakuri. Ranar da aka ce wuyan masu tabo ne, kowa zai cire nasa, in koma ni kaɗai." Ta faɗi haka ba kuka ba roƙo, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Na dubi jakata. A raina ina cewa ai ba ni na fasa rishon ba, kuma sunana da aka ɓata shi ma tabo ne. Da la'asar ta ce za ta je koyon waƙa na zumuntar mata, in raka ta in sha iska. A filin coci suke yi, ƙarƙashin mangwaro, ni kuma na zauna can gefe a kan benci, jakata a cinya. Mata suka yi ta zuwa da tulunan kiɗa da caki, kusan kowacce da wuyana. Rifkatu ce ke ba da waƙa. Matar da na sani tana bin bango a Funtuwa da gyale a naɗe, ita ce a gaba, ta ɗaga haɓa sama tana rera waƙa iya ƙarfinta, babu mai kallon wuyanta don kowa na da irinsa. Na ji tausayi, na ji alfahari, na kuma ji haushin kaina da na zo raba ta da wannan don in ga Hajiya Turai ta sunkuyar da kai.

Da muka koma gida na fito da rigar na ajiye mata a kan gado. Ta ce, "Yaya, sunanki fa?" Na ce ai sunan ya ma fara yi mini daɗi. Ƙarya nake yi, ita ma ta san ƙarya nake yi. Ta riƙe hannuna ta ce in ta riga ni tafiya, in ba kowa labari.

Asabar: Komawa gida

Na yi sallama da Goggo da sassafe, bayan na farke wuyan rigarta na cire kwalin sukarin Landan na sa mata shafi mai laushi. A shingen sojoji kofur ɗina ya gane ni, ya nuna mini maɓallin yana nan daram, ya ce mu wuce. Azahar ta yi mini a Funtuwa.

Ban ko huta ba Hajiya Turai ta iso shago da matanta, sun ƙaru sun zama tara.

"Uwani, sannu da hanya. Ina shaidar?"

"Babu, Hajiya."

"Babu? To wa ya fara?"

"An ce daga Landan ya zo."

Aka yi shewa. Hajiya ta ce ba komai, kowa yakan yi kuskure, kuma tun da Allah ya sa na je Kaduna na koyo da idona, a kawo mini ankon. Na ɗinka shi, ninki uku, ta hagu, da shafi mai laushi. Matan gari suka yi ta yaba yadda hannuna ya gyaru tun da na ga birni. Sunan Ni-na-fara kuwa ya zauna daram, har jikokina sun tashi suna zaton sunan kakanmu ne.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Malam Sule, wanda na ba labarin duka a daren da na dawo, ya riƙe shi har ya koma ga Mahaliccinsa. Ina gode wa Goggo Laraba da tuwonta, da Madam Komfot da masararta, da Alhaji Bala da ya nuna mini Landan ba tare da na hau jirgi ba. Godiya ta ƙarshe ta Rifkatu ce. Bara 'yarta ta zo har Funtuwa ta gaya mini rasuwarta, ta miƙo mini leda, ta ce Mama ta ce a kawo mini shaidata. Na juya wuyan, kifayen sun koɗe amma suna nan. Na zauna ina tunanin wa zan kai wa. Hajiya Turai ta daɗe da rasuwa, matan da suka yi mini dariya babu ko ɗaya da ta rage. Na ninke rigar na sa a akwati, shi ya sa na ce bari ku in nuna muku.